Amsoshin Tambayoyinku: Fim na Girgiza Falo, Waƙa Kuwa Ba Nauyi

TAMBAYA: Ina da matsala da kayan sautin da na haɗa a falona. Amfilifaya ce ƙirar Yamaha, 'yar gwanjo, da sifiku biyar da wufa ɗaya mai jona wutarta daban. Idan na sa fim ɗin Turawa, musamman na yaƙi, har gilashin taga karkarwa yake yi. Amma da zarar na kunna waƙa daga waya ko filas, sai sautin ya koma siriri, babu bes ko kaɗan. Wani lokaci ma fitilar wufar ja take komawa kamar an kashe ta. Na ƙure mata murya, a banza. Wani mai gyara ya ce ta gaji, in sayi sabuwa. Kafin in kashe kuɗi na ce bari in ji ta bakinku. Na gode.

Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Wufar da take karkaɗa gilashin taga idan an sa fim ba ta gaji ba, kai da bakinka ka wanke ta. Da ta lalace, da ba ta san bambancin fim da waƙa ba, duka biyun za ta ƙi yi. Abin da na fi zato shi ne sautin waƙar ba ya isa wurinta tun farko, kuma hakan na da dalili.

Fim ɗin da aka haɗa a tsarin 5.1 yana zuwa ne da layukan sauti shida. Biyar na sifiku ne: hagu, dama, tsakiya, da biyu na gefe ko baya. Na shidan, wato ɗigo-ɗaya ɗin nan da ake rubutawa, layi ne da aka keɓe wa rugugi kaɗai, irin tashin bam da tsawa da rushewar gini, kuma ba ya ɗaukar sautin da ya haura 120 Hz. Wannan Hz da za ka yi ta gani a nan ma'auni ne na yawan kaɗawar iska a daƙiƙa ɗaya. Idan lambar ta yi ƙasa sauti ya yi kauri, idan ta yi sama ya sirance. Tsarin ya shiga gidajen sinima sosai ne a 1992 da Dolby Digital a fim ɗin Batman Returns, sai DTS ya biyo baya a 1993 da Jurassic Park. Ƙa'ida ce kuma amfilifaya ta ƙara wa wannan layi desibel 10 a kan sauran kafin ta tura shi wufa. Ka ga ke nan fim da guzurin wufarsa yake tafe, har da gyara.

Waƙa ba ta da wannan gata. Layi biyu ne kacal, hagu da dama, kuma bes ɗinta a cakuɗe yake da muryar mawaƙi da sauran kiɗa a cikin layukan nan biyu. Babu wani kaso da aka ware aka ce na wufa ne. Idan amfilifaya ba ta tsamo bes ɗin da kanta ta miƙa mata ba, haka za ta zauna shiru har waƙar ta ƙare. Kana iya tabbatar da wannan yau da dare. Duba fuskar amfilifayar sa'ad da fim ke tafiya, za ka ga an rubuta Dolby Digital ko DTS. Sa waƙa, za ka ga ya koma PCM ko Stereo. Sannan ka gwada fim ɗin Hausa ko wani abu daga YouTube, waɗanda galibinsu layi biyu ne. Ina kyautata zaton za ka tarar wufar ta yi musu irin kunnen ƙashin da take yi wa waƙa.

To, ya za a sa amfilifaya ta tsamo mata? Ɗauki rimot ka shiga Setup, ka nemi sashen Speaker. A gaban sifikun gaba za ka ga an zaɓi Large ko Small. Na yi imanin yawancin masu irin matsalarka Large suke samu, domin mai kayan na farko a can ƙasarsu wataƙila manyan sifiku gare shi, ko kuma wanda ya haɗa maka ya ga kamar rage wa kayan daraja ne a kira su ƙanana. Large na nufin ka ce wa amfilifaya sifikun nan za su iya da komai, ta ba su bes ɗin duka. Ita kuwa sai ta ba su, su kasa fitar da shi, wufa na gefe tana kallo. Mayar da su Small, dukkansu biyar, ko da sifikun gaban sun kai ƙugunka tsawo. Ka tabbatar kuma a gurbin Subwoofer an nuna akwai ta.

Daga nan sai iyakar rabo, abin da aka rubuta Crossover. Ita ce lambar da duk sautin da ke ƙasa da ita zai tafi wufa, na sama ya tsaya a sifiku. Fara da 80 Hz. Lambar da kamfanin THX ya tsayar ce, masu ƙera amfilifaya da dama suka bi, saboda daga nan zuwa ƙasa kunne ba ya saurin gane inda sauti ke fitowa. Amma idan sifikunka 'yan ƙananan nan ne da ake rataye wa a bango, waɗanda tafin hannu zai rufe, ba sa iya sauka har 80. Ka ɗaga zuwa 120 ko ma 150, in ba haka ba za a samu rami a tsakani, daidai inda dukan ganga da kaurin muryar namiji suke.

A tsofaffin Yamaha akwai wani gurbi mai suna Bass Out, da zaɓi uku: SWFR, FRONT, BOTH. Idan yana kan FRONT, to, ka gano ɓarawon. Mayar da shi SWFR. Shi BOTH yana ba sifikun gaba da wufa bes a tare, kuma kusan kowane kamfani na da irinsa: sababbin Yamaha na kiransa Extra Bass, Denon da Marantz LFE+Main, Onkyo kuwa Double Bass. Mutane na sonsa don sauti ya kan cika ɗaki nan take. Ni dai ban cika ba da shawararsa ba. Wasu sautukan ninkuwa suke yi su zama gunji, wasu su ɓace, sai ka ji kiɗan ya dagule. In ka gwada ka ji ya yi maka, falonka ne.

Akwai kuma maɓallin da ke yaudarar mutane, Pure Direct ko Direct. Sunan na da daɗi, kuma an yi shi ne don sauti ya bi gajeriyar hanya ba tare da an taɓa shi ba. Sai dai tsamo bes ɗin nan da muke magana shi ma taɓawa ne, don haka a amfilifayoyi da yawa kana danna shi wufa ta fita daga lissafi idan waƙa ce. Kashe shi ka zaɓi 2ch Stereo. Ka lura da cewa yawancinsu suna tuna zaɓin kowace kafa daban, wato abin da ka saita wa kafar fim bai shafi ta Bluetooth ko ta filas ba. Sai ka kunna waƙar tukuna, sannan ka canza.

Yanzu zagaya bayan wufar da tocila. Yawanci akwai maɓallai uku ko huɗu. Na murya ka tsayar da shi a tsakiya, kada ka ƙure. Idan kana son ƙari, ƙara daga cikin amfilifaya, desibel 2 ko 3 a gurbin Level. Na biyu shi ma iyakar rabo ne, mai lambobi kamar daga 50 zuwa 150. Wannan murɗa shi har ƙarshe, ko ka sa shi a LFE idan akwai, tunda amfilifaya ta riga ta yi rabon. Idan aka bar shi a 50 an yanka bes sau biyu ke nan, kuma waƙa ce ta fi cutuwa, domin dukan gangar da kake ji a ƙirji galibi tsakanin 50 ne da 100, yayin da rugugin fim ke sauka ƙasa da haka ya tsallake.

Jan fitilar da ka ambata kuwa ba alamar ciwo ba ce. Akwai maɓalli mai Auto da On. A kan Auto, wufa kan yi barci idan ta ɗau mintuna ba ta ji sauti mai ƙarfi ya shigo ba, sai an tashe ta. Fim na tashin ta da bam ɗaya. Waƙar da ke fitowa daga wayar da aka rage wa murya ba ta isa ba. Mayar da shi On, ka ƙure muryar wayar ko ka bar ta kusa da ƙarshe, ka riƙa ragewa daga amfilifaya. Ka leƙa saitin sautin wayar ma, wani lokaci yara sun taɓa ma'aunan nan masu hawa da sauka sun danne na hagu.

Idan da igiyar nan mai siririn kai kake jona waya, gwada wata. Cikinta wayoyi uku ne, hagu da dama da ta ƙasa da suke tarayya a kanta. Idan ta ƙasan ta tsinke, ko kan bai shige har ƙarshe ba saboda rigar waya, abin da zai fito shi ne bambancin hagu da dama kawai. Duk abin da ke tsakiya ya ɓace, kuma a tsakiyar ake ajiye muryar mawaƙi da bes. Alamarsa ita ce ka ji mawaƙin kamar daga nesa, kiɗan gefe kuma ras.

Wani abu mai kama da wannan shi ne juya wayar sifika. Kowace sifika na da ja da baƙi, kuma dole ja ya tafi ja a amfilifaya, baƙi ya tafi baƙi. Idan aka juya ta ɗaya daga cikin na gaba, ita tana tura iska waje a daidai lokacin da 'yar'uwarta ke janyowa ciki, sai bes ɗinsu ya cinye juna. A fim ba ka cika lura ba, tunda magana daga sifikar tsakiya take fitowa, rugugi kuma daga wufa. A waƙa kuwa su biyun nan ne jigo. Masu haɗa kaya da wayar lantarki mai launi ɗaya su suka fi faɗawa wannan. Hanyar ganewa: kashe amfilifaya, cire wayar daga bayanta, ka ɗauki batirin rimot mai 1.5 ka taɓa wayar da kake zaton ja ce a kan mai tsinin, ɗayar a gindi. Kalli faifan sifikar. Idan ya turo waje, daidai ne, wannan ita ce ja. Idan ya shige ciki, an juya. Taɓawa kawai za ka yi ka ɗauke. Ita ma wufa na da nata maɓallin, Phase, mai 0 da 180. Zauna a kujerarka, ka sa yaro ya riƙa juya shi waƙa na tafiya, ka bar shi inda ya fi cika.

Idan ka yi duk waɗannan wufar ta farka, ka ɗora hannu ka ji tana motsi, amma a kujerarka har yanzu sautin bai cika ba, to, saura ɗakin. Kuma a nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, don za ka sayi wufar da ta ninka taka ka ajiye a wuri ɗaya, ka ji abu ɗaya.

Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Kaɗawa ɗaya ta sautin 50 Hz ta kusa mita 7 a tsawo, ta fi falon yawancinmu. Sai ta bugi bango ta dawo ta haɗu da mai tahowa, a wani wuri su taru su yi ƙarfi, a wani su kashe juna. Zuba ruwa a baho ka riƙa girgiza shi a hankali: a baki biyu ruwan hawa yake yana sauka, a tsakiya kuwa kusan a tsaye yake. Haka iskar ɗaki take yi da bes. Falo mai tsawon mita 4 yana yin wannan ne a wajen 43 Hz, ita kuwa tsirkiya mafi kauri ta jitar bes 41 take bugawa. Wanda ya zauna a tsakiyar falon nan daidai, ya zauna a inda sautin ya mutu. Ginin bulo da siminti da daɓen tayil irin namu sun fi katakon gidajen Turai mayar da bes, don haka abin ya fi tsanani a wurinmu. Labule da kafet kuma ba sa taimakawa a nan, siririn sauti kawai suke sha.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Kunna waƙa mai bes a kai a kai, ka tashi ka zaga falon a hankali. Za ka sha mamaki: a jikin bango ko a lungu kamar ƙirjinka zai fashe, taku biyu zuwa tsakiya kamar an ɗauke wuta. Idan haka ka ji, matsar da kujera gaba ko baya ko da rabin mita ne. Idan uwargida ta ce ba a taɓa mata tsarin kujeru, wanda ba abin mamaki ba ne, sai a matsar da wufar. Ɗauke ta ka ɗora a kan kujerar da kake zama, ka kunna waƙar, ka durƙusa ka bi gefen bango da rarrafe, kanka a daidai tsayin da wufar za ta zauna. Inda ka ji bes ya fito cike, kowane bugu daban ba gunji ba, nan ne mazauninta. Ajiye ta can ka koma kujera, abin da ka ji a can shi za ka ji a nan. Ka rufe ƙofa kafin ka fara, kada baƙo ya shigo ya same ka a haka.

Lungu na ƙara wa wufa ƙarfi fiye da ko'ina, shi ya sa ƙarama ke amfana da shi, sai dai yakan sa wasu sautuka su yi yawa. Kada ka cusa ta cikin kabad ɗin talabijin, kuma idan ramin iskarta a baya yake, bar mata kamar tsawon tafin hannu biyu tsakaninta da bango. Ƙofar da ke buɗe zuwa wani ɗaki ko baranda ita ma tana canza lissafin, don haka ka yi gwajin yadda ka saba zama. Ka kuma tuna bes ne sautin da ya fi ratsa gini. In bango ɗaya ya haɗa ka da maƙwabci, nemi wani bangon, musamman idan kai mai sauraren dare ne.

Kunnenka ma yana da hannu a ciki. Tun 1933 masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunnen ɗan'adam ya fi saurin rasa mai kauri a kan matsakaici. Fim muna sakar masa murya, waƙa kuwa sau da yawa a hankali ake sa ta ana hira. Abin da ya sa tsofaffin rediyoyi ke da maɓallin Loudness ke nan. Idan taka na da shi, ko YPAO Volume a sababbin Yamaha, kunna shi lokacin sauraren a hankali.

Sannan ka duba da wace waƙa kake yanke hukunci. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya ce mai siririyar murya, babu abin da wufa za ta samu a ciki. Kalangun Mamman Shata ma, balle a ɗaukar da aka yi shekaru da dama a kaset aka juyo ta waya, ba ya sauka can ƙasa. Haka aka ɗauke su, kuma daɗinsu ba a nan yake ba. Wanda ya matsa sai sun yi dum-dum ɓata su zai yi. Yi gwajinka da waƙar zamani da aka haɗa a situdiyo da kwamfuta, ko amapiano na Afirka ta Kudu, wanda gangarsa ba ta ɓoye laifin wufa.

Tunda kayan na gwanjo ne, karanta rubutun da ke kusa da igiyar wuta. Na Amurka volt 120 suke ci, wutarmu kuwa 230 ce, don haka sai da taransifoma mai sauke wuta. Idan 'yar ƙarama aka haɗa maka ta ɗauki amfilifaya da wufa tare, ko kuma wutar unguwarku ba ta da ƙarfi, bes ne farkon abin da zai raunana, domin shi ya fi cin wuta. Sai dai wannan da fim ma za ka ji shi, shi ya sa na ajiye shi a baya.

Ga masu karatu da nasu kayan na kwali ɗaya ne, irin su LG da Sony da Hisense masu haɗe da DVD, ba lallai ku sami Small da Large ba, an riga an saita daga kamfani. Naku shi ne maɓallin salon sauti a rimot, wanda a LG akwai Bass Blast a cikinsa, sai duba wayoyi da mazaunin wufa kamar yadda na bayyana. Kada kuma dubban wat ɗin da aka rubuta a kwali da PMPO su ruɗe ku. Ku juya bayan na'urar ku ga nawa take ci. Wadda ke jan wat 90 daga soket ba ta da inda za ta samo 3000 ta ba ku.

In an bi duk wannan, Malam, har yanzu da saura, sai a duba jikin wufar. Cire ragar gaba ka kalli zoben roba ko soso da ya kewaye faifan. Zafi da daɗewa na sa na soso ya ruɓe ya yage, iska ta riƙa zurarewa. Kashe ta, ka sa yatsu a kewayen tsakiyar faifan ka danna a hankali. Ya kamata ya shiga ya dawo sumul. Idan ka ji ƙarar gogayya, nannaɗin wayar ciki ya ƙone ko ya goce. Haska ramin iskar ma, don ɓera na sheƙa a ciki, yara kuma na jefa murfin kwalba da kan biro. Zobe da nannaɗi duka masu gyaran sifika na canza su a kuɗin da bai kama ƙafar na sabuwa ba. Idan za ka kai, tafi da wayarka da waƙar da ka yi gwaji da ita, a kunna a gabanka kafin ka biya.